Ɗalibin Bayan La'asar

A shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, ciwon takara ya kama Fagge gida-gida. Wanda bai nemi ciyaman ba ya nemi kansila, wanda bai nemi kansila ba ya nemi wanda zai riƙe wa jaka. A cikin wannan hayaniya dattawan unguwar Kwaciri suka zauna suka tsayar da Alhaji Sammani, wani dilan atamfa a Kantin Kwari, takarar kansila, kuma hujjarsu guda ce, wai yana jin Turanci. Shekara da shekaru shi ake kira in Kwara ko Ba'indiye ya shigo kasuwa da kaya, ya tsaya tsakani yana juya harshe, har laƙabin Sammani Bature ya bi shi. Abin da dattawan ba su sani ba, shi kuwa ya sani sarai, shi ne Turancin nasa Buroka ce ta ciniki. Ta isa a sayi dilar atamfa, amma ba ta isa mutum ya miƙe a gaban manyan ma'aikata ya yi jawabi ba.

Malama Obiageli babu ruwanta da siyasa. Ibo ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta ko ɗan cikin gari sai haka, kuma ta daɗe tana koyar da Turanci a firamaren cocinsu, har waɗanda ta koyar sun fara kawo mata 'ya'yansu. Mijinta ya rasu tun 'yarsu Chidinma tana goye. Ba ta sake aure ba, ba a kuma taɓa jin wani abu a kanta ba, kuma ta san wannan ce kaɗai dukiyar da za ta bar wa yarinyar. A kantin Alhaji Sammani take yanko wa zumuntar mata ankon Kirsimeti duk shekara. Don haka da ya ja ta gefe wata rana, ya rage murya kamar mai neman maganin basir, ya ce yana so ta koya masa Turanci na gaske kafin zaɓe, dariya ce ta fara zuwa mata. Da ta ga ba wasa yake ba sai ta haɗiye abarta.

Sharaɗinsa ɗaya ne, kada kowa ya ji. Ta ce ya riƙa zuwa makaranta bayan an tashi yara, ya ce a'a, maigadin ɗan Fagge ne. Ta ce to ita ta riƙa zuwa kanti, ya ce ai gara ta kai sanarwa gidan rediyo. Littafi ma ya ce ba zai riƙe ba, ba zai kuma rubuta komai ba, kada a tsinci takarda a aljihunsa wurin wanki. Ta dai faɗa ya maimaita, shi da ya yi hadda yana yaro babu abin da kansa ba zai ɗauka ba. Haka aka ƙare a falonta, a wani gidan haya da ke Titin Aba, gida mai ɗakuna rututu da famfo ɗaya a tsakar gida. Ta auna abin kafin ta yarda. Ta haura hamsin, ga furfura, ga tabarau, wa zai kawo wani tunani? Ta manta cewa maƙwabtan gidan haya ba sa tambayar shekarun mutum kafin su yi masa lissafi.

Shi kuma Alhaji ya yi duk abin da mai gaskiya bai kamata ya yi ba. Bayan La'asar zai ajiye motarsa can bakin Kasuwar Sabon Gari, ya tako da ƙafa, ya tsaya a bakin layi ya waiga hagu ya waiga dama, sannan ya faɗa gidan da sauri. Yana shiga zai ce a turo ƙofa, don in yana maimaita darasi muryarsa har titi. Kafin Magariba zai fito yana murmushi shi kaɗai, leɓɓansa suna motsi. A lokacin Chidinma tana wurin aiki, don nas ce a wani ƙaramin asibiti kuma aikin yamma take yi.

Ɗalibi ne mai kai, wannan kam Malama ba ta hana shi ba. Gaisuwa, godiya, gabatar da kai, yadda ake buɗe jawabi da yadda ake rufe shi, duk ya kwashe su cikin ɗan lokaci. Inda ya cije shi ne kalmomin nan da take kira masu jela, waɗanda Bature zai ɗauki kalma sananniya ya manna mata wata 'yar mitsitsiya a baya, ma'ana ta sauya gaba ɗaya. Cikinsu babu wadda ta sha masa kai kamar put up. Ya san put, ajiyewa ce. Ya san up, sama ce. Ta ce masa in an haɗa su ana nufin kafa abu, kamar fosta a bango ko gini a fili, ya ce wannan da sauƙi. Ta ce ana kuma nufin saukar da baƙo ya kwana a gidanka. Ya ce ikon Allah, baƙon da aka saukar shi ne kuma aka ajiye a sama? Ta ce haka nan in jam'iyya ta tsayar da mutum takara, ko ɗan kasuwa ya ƙara wa kaya farashi, duk ita ce. In kuwa aka ƙara mata with a ƙarshe, ta koma haƙuri da abin da ba ka so.

"Malama," ya ce, "mutanen nan kalmomi ne suka ƙare musu, ko rowa ce?"

Ta ce ai Hausa ma haka take, shi da ya ci tuwo ya ci kasuwa, yanzu kuma yake neman cin zaɓe, bai taɓa tambayar kowa dalili ba. Ya yi dariya har da buga ƙafa, ita ma ta taya shi. Matan da ke tare a bakin famfo suka ji dariyar ta bayan rufaffiyar ƙofa, suka dubi juna, kowacce ta ci gaba da wanke-wankenta.

Duk da haka bai iya ba. Kullum ta jarraba shi sai ya cakuɗa, ya kafa baƙo a bango, ya saukar da fosta ta kwana. Daga baya ta gaji, ta ce masa in dai wannan ce ya bar ta kawai, ba dole sai da ita ake zama kansila ba. Ta ga maganar ba ta yi masa daɗi ba.

Ana cikin haka maganar auren Chidinma ta taso. Saurayin, Ifeanyi, yaron kirki ne mai shagon kayan lantarki a kasuwa, kuma yarinyar tana son sa so na gaske. A al'adarsu, kafin dangin namiji su zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aure, sai sun tura wani babba ya bi unguwa a asirce ya tambayi halin gidan yarinya. Akwai hauka a danginsu? Akwai sata? Matan gidan suna zaman aure? Uwar fa, yaya take? Ba a gaya wa gidan da ake bincika, ba a kuma gaya musu abin da aka jiyo. Wanda aka ɗora wa aikin shi ne ƙanen mahaifin yaron, Mazi Uchenna, mai sayar da kayan gyaran mota, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo. Malama ba ta damu ba ko kaɗan. Ita da kanta an sha tura ta irin wannan bincike, kuma ta san a gidanta babu abin da za a tono.

Sai aka ɗaga ranar zuwan, aka kuma sake ɗagawa. Chidinma ta fara dawowa daga aiki tana shigewa ɗaki ba magana. Bridget, ƙawar Malama a zumunta, ita ce ta tare ta bayan sujada ranar Lahadi, ta faɗa mata abin da duk Titin Aba ya sani ban da ita. Mazi Uchenna ya zauna wurin mai kemis, ya zauna wurin mai burodi, ya shiga gidan nasu ya nemi ruwan sha, kuma ko'ina labari ɗaya ya ji, wai akwai wani Alhaji da ke ajiye da Malama. Har da masu cewa shi ya saya mata tabarau. Malama ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba tunda take, bayan kunyar kuma tsoro ya biyo, don ta san dangin Ifeanyi za su tafi ƙauye Kirsimeti, kuma a can za a yanke magana.

Da ta koma gida ta tsare Chidinma, sai ta tarar yarinyar ta riga ta ji, har ta yi nata ƙoƙarin. Ta gaya wa Ifeanyi gaskiyar abin da ke kawo mutumin, Ifeanyi ya yarda, ya kai wa baffansa. Mazi Uchenna ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in za a yi masa ƙarya a nemo mai kyau. Sammani Bature, wanda kasuwa biyu suka san shi da tafinta, shi ne zai zo koyon Turanci?

Washegari Malama ta tafi Kantin Kwari. Ta sami kantin cike da 'yan siyasa, hoton Alhaji a manne har jikin ƙofa. Ya sallami mutane ya shigar da ita can ciki tsakanin dilolin atamfa, ta zayyana masa komai. Ya yi salati, ya yi Allah wadai da masu baki, har idonsa ya kawo ruwa, don ba mugun mutum ba ne. Amma da ta ce ya zo ya faɗa wa Mazi Uchenna gaskiya da bakinsa, sai ya fara duban silin. Ya ce abin da ɗan kasuwar Sabon Gari ya ji da safe, Kwari ta ji shi kafin Azahar. Muddin ba daga bakinsa maganar ta fito ba, jita-jita ce, amma in ya faɗa da kansa, abokin takararsa tsohon hedimasta ne, ya gama da shi ke nan. Ta tambaye shi ko bai ji abin da ake faɗa a kansa shi ma ba. Ya ce ya ji ƙishin-ƙishin, amma irin wannan magana ba ta kayar da namiji a zaɓe. Bai faɗa da wata manufa ba, kuma ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi yi mata ciwo.

"Ki ba ni zuwa bayan zaɓe, Malama. Wallahi ana faɗar sakamako zan zo da ƙafata."

Ba ta da yadda za ta yi. Babu littafi, babu rubutu, babu shaida sai shi. Ta ce masa darasi ya tsaya daga ranar, ta fito. Ta aika wa Mazi Uchenna cewa ta ji abin da ya ji, mutumin zai zo ya yi bayani da kansa, ya yi mata haƙuri zuwa lokacin. Ya aiko cewa ya ji. A unguwa kuwa, da aka ga Alhaji ya ɗauke ƙafa daidai lokacin da magana ta fasu, sai aka ce to ga shi nan, dama mun faɗa.

Aka yi zaɓe a farkon Disamba, Alhaji Sammani ya ci. Malama ta ji a rediyo tana yankan kuɓewa, ba ta ji daɗi ba, ba ta ji haushi ba, ta dai ji an sauke mata rabin kaya. Kuma ya cika alkawari, wannan sai a faɗa. Shi ya fara aikowa yana tambayar ranar da zai zo. Ta sa Lahadi da yamma, ana saura 'yan kwanaki dangin Ifeanyi su hau mota. Ta ja wa ɗan aiken kunne ya gaya masa Mazi Uchenna ya tsufa a Kano, yana jin Hausa, don haka ya yi magana da Hausa, ya kuma taƙaita.

Ran nan ta share falo, ta ajiye goro a faranti da lemo a kan tebur, ta buɗe ƙofa wangale ta ɗaure labule. Matan gidan duk wanki ya taso musu a lokaci guda. Chidinma tana uwar ɗaki, don ba a zama da yarinya a irin wannan magana. Mazi Uchenna ya zo da wuri, ya zauna a bakin kujera, ya ɗora hularsa a gwiwa. Aka miƙa masa goro ya ce a bari baƙo ya iso.

Baƙo ya iso, wannan karon da mota har ƙofar gida, da babbar riga tana ɗaukar ido, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Tun ranar zaɓe ake kiran sa Onarabul, kuma sunan ya zauna masa. Ya miƙa wa Mazi Uchenna hannu, ya buɗe baki, sai Turanci.

Malama ta yi masa alama da ido, bai gani ba, ko kuma ya gani ya ɗauka ƙarfafa shi take yi. Ya gabatar da kansa, ya yi godiya da aka ba shi dama, ya ce yana girmama wannan baiwar Allah kamar yayarsa, kuma abin da ake faɗa a kanta ƙarya ne. Ya ce abin da ya riƙa kawo shi gidan nan guda ne, koyon Turanci, domin bai iya ba. Duk wannan ya faɗe shi da Turanci, tiryan-tiryan, ba gargada, kowace kalma a mazauninta. Ta gane jimlolinta ɗaya bayan ɗaya, har da inda take ɗan tsayawa ta ja numfashi. Ashe tun da ta rufe darasi bai zauna ba, yana bita a mota, yana bita bayan Asuba, yana kunna tashar Turanci yana bin mai labarai.

Shi Mazi Uchenna Turancinsa na shago ne, bai wuce na da can na Alhaji ba. Ya zuba wa mutumin ido har ya kai aya, sannan ya juyo gare ta ya yi magana da Ibo, a hankali, ba faɗa.

"Maman Chidinma, mutumin nan ya fi fastonmu Turanci. Me ya zo koya?"

Ta ce wa Alhaji don Allah ya maimaita da Hausa. Ya maimaita, har da rantsuwa, amma kunnen da ya ji na farko ya riga ya ji. Ta ce ai ita ta koya masa duk abin da ya faɗa yanzu. Mazi Uchenna ya gyaɗa kai irin na wanda ya saba jin mai saye yana cewa jiya ya sayi abu a rabin kuɗinsa.

Nan dabara ta zo mata, kuma ba ta so ta ba. Tunda take koyarwa ba ta taɓa kunyata ɗalibi da gangan ba, ko yaro ne, balle dattijo a gaban baƙo da matan gida suna saurare. Amma ta san inda yake faɗuwa, kuma auren 'yarta ya fi mata girman rigarsa. Ta ce wa Mazi Uchenna ya saurara da kyau, yanzu zai ga ɗalibi. Ta juya ta ce wa Alhaji ya faɗi ma'anonin put up, kowacce da misalinta. Ta gyara tabarau tana jiran ya kafa baƙo a bango.

Alhaji ya tattare hannun riga, ya ɗora tafukansa a gwiwa kamar mai ba da hadda. Ya fara da kafa fosta, ya ba da misali. Ya zo kan saukar da baƙo, ya ba da misali. Tsayar da ɗan takara, ƙarin farashi, haƙuri da abin da ba ka so, bai tsallake ko ɗaya ba, bai sa wata a gurbin wata ba. Da ya gama ya ɗaga yatsa ya ce akwai saura, wadda Malama ba ta koya masa ba, a rediyo ya tsince ta, ana faɗin ta in mutum ya turje ya ƙi ba da kai a faɗa. Ita ma ya ba da misalinta. Sannan ya dube ta fuska a sake, yana jiran yabo, shi da aka taɓa ce wa ya bar wannan kalma ba zai iya ba.

Malama ta nemi kuskure ko na ƙwayar harafi ne, ba ta samu ba.

"Daidai ne," ta ce.

Mazi Uchenna ya miƙe ya sa hularsa. Goro yana nan a faranti yadda aka ajiye shi. Ya yi wa Alhaji godiya da Hausa, ya ce ya ji daɗin ganin babban mutum, Allah ya taya shi riƙo. Sannan ya juyo ga Malama, ya ce da Ibo dama yana so ya shaida mata, sun duba sun ga Ifeanyi yaro ne har yanzu, shagonsa bai gama tsayawa da ƙafarsa ba, dangi suna ganin babu gaggawa a maganar aure. A gaishe da Chidinma. Malama ta taɓa kai wa wasu irin wannan saƙo da bakinta, da kusan waɗannan kalmomi, don haka ba ta tambaye shi zuwa yaushe ba. Ta raka shi bakin ƙofa kamar yadda ya kamata. Daga uwar ɗaki ta ji an turo ƙofa a hankali, an sa sakata.

Alhaji ba ya jin Ibo. Ya ga an yi sallama cikin mutunci, an yi masa addu'a, sai ya yi hamdala ya ce ai dama ya san in ya zo da kansa magana ta ƙare. Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare ya jefa a baki. Ya ce tunda an wuce wannan, yana so a koma darasi bayan Kirsimeti, don akwai jawabin da zai yi in an rantsar da su, kuma yanzu ba sai an rufe ƙofa ba. Malama tana tsaye tana duban kwalaben lemon da ba a buɗe ba. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo, ya rage murya.

"Malama, tsakani da Allah, yau ban yi kuskure ba ko?"

"Ko ɗaya, Alhaji," ta ce.